Rashin Isowar Mai Zuwa Inji: Yadda Ake Gano Shi Idan Mota Ta Ƙi Tashi

Rashin isowar mai, wanda kanikawa ke cewa "mai baya hawa" ko "mota bata jan mai", shine ka murɗa makulli inji ya juya lafiya lau amma ya ƙi kamawa, saboda fetur bai iso cikin silinda ba, ko ya iso babu ƙarfi, ko kuma abin da ya iso ɗin ba fetur tsantsa bane. Injin fetur sai da mai da iska da wutar fulogi da matsin silinda yake tashi, kuma haɗin ma yana da ma'auni, kusan kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na fetur. In ka murɗa makulli kaji ƙas ƙas kawai ko shiru, wannan ba maganar mai bace, batir ne ko sitata, a fara da can. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 a mita, in yana juya inji kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba.

A nan Zariya da zarar mota ta ƙi tashi abin da zaka fara ji shine "famfo ne", kuma wallahi famfo da yawa an cire su an yar alhali lafiyarsu ƙalau, fiyus ne ya ƙone ko waya ta saki. Shi yasa bincike yake da tsari, ana farawa daga abin da baya cin kuɗi.

Hanyar da mai yake bi

Daga tanki ne, sai rariyar da ke bakin famfo, sai famfon, sai filta, sai bututun da ya bi ƙarƙashin mota ya kai gaba. A tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna tun da kamfanin ya fara aiki a 1975, famfon a jikin inji yake, injin ne ke kaɗa shi, yana tura mai a hankali zuwa kabureta da matsin da bai kai rabin bar ɗaya ba, bar kuwa ma'aunin matsi ne. Motocin injekta kuwa, masu fesa mai da nozul maimakon kabureta, su Golf 3 da Corolla da Camry da Accord da 406 da suka cika hanyar Kwangila zuwa Samaru, famfonsu na lantarki ne, yawanci a cikin tanki yake nutse a mai, kuma matsin da yawancinsu ke bukata ya kai wajen bar 3 zuwa 4. Wannan bambanci yana da muhimmanci, don a motar injekta ganin mai yana zuba daga tiyo baya nufin komai, mai zai iya zuba amma matsin bai kai nozul ya fesa shi kamar hazo ba.

A fara tabbatarwa mai ne

Abu na farko da mutane ke jin kunyar dubawa, akwai man ma a tanki? Gejin mai yana ƙarya, abin da ke yawo a saman mai cikin tanki yana maƙalewa sai allura ta tsaya a kwata alhali tanki ya bushe. A zuba lita 4 ko 5 a gwada.

Sai gwajin fesawa. A cire babban tiyon iska, a fesa ɗan maganin wanke kabureta a maƙogwaron inji, a mayar da tiyon, a murɗa makulli. In ta kama na daƙiƙa biyu ko uku ta mutu, toh wuta da matsin silinda suna nan, mai ne baya zuwa. In ko tari bata yi ba a koma wajen koyil da fulogi da sensar kirank, wadda ke gaya wa kwamfutar mota cewa inji yana juyawa. Wasu fetur suke tsiyayawa da murfin gora suna leƙa fuska a wurin ana buga makulli, wannan ganganci ne, inji yana iya mayar da wuta ta baya ya kama hannu da gira. Fulogi ma yana ba da labari, bayan an juya inji a kwance guda ɗaya, in ya fito a bushe ƙayau mai bai iso ba, in ya fito jiƙe yana warin fetur to mai ya iso har ya yi yawa, wuta ce babu ko kuma inji ya sha mai ya ƙoshi. Irin wannan a taka totur har ƙasa a juya, yawancin motocin injekta suna yanke mai in an yi haka sai silinda ta bushe.

Kukan famfo da wutarsa

Duk wanda ya taɓa zama a gareji a Tudun Wada ko Sabon Gari ya san wannan. Yaron gareji ya buɗe murfin tanki ya kara kunne, maigida yana ta taga yana cewa "Alhaji a murɗa kawai, kar a tayar", kowa yayi tsit, sai yaron ya ɗago yace "Oga baya kuka". Abin da ake saurare wani zzzz ne na daƙiƙa 2 zuwa 3 da famfo ke yi in an kai makulli inda fitilun dashbod ke kamawa. Amma a kula, tsofaffin Toyota da yawa basa wannan kukan sai inji yana juyawa, don haka shirunsu ba hujja bane. Su akwai ɗan akwatin gwaji a ƙarƙashin bonet, ana haɗa ramin +B da na FP da guntun waya, famfo ya tashi in yana da rai.

In babu kuka ba a ce famfo ya mutu ba tukuna, an dai san baya aiki. A duba fiyus ɗinsa, kuma in an sa sabo ya sake ƙonewa kar a ɗaura masa zaren waya kamar yadda ake yi, akwai inda waya ke taɓa jiki ko famfon yana jan wuta fiye da kima, ɗaurin nan shi ke ƙona motoci. Sai rile, ɗan akwatin da ke kunna wa famfo wuta, wanda sau da yawa ana iya musanya shi da wani irinsa a akwatin fiyus a gwada. Honda Accord da Civic na shekarun 1990 sun yi suna da wannan, babban rile ɗinsu dalmar da aka liƙa ƙafafunsa tana tsagewa, in mota ta sha ranar Afrilu gilasai a rufe sai ta ƙi tashi, da yamma an sha iska ta tashi kamar ba ita ba. Riwaya mai hankali sake narka dalmar kawai yake yi. Motocin Ford kuma suna da wani maɓalli da ke yanke wutar famfo in mota ta daku da ƙarfi, ko babban rami aka faɗa yana iya tsinkewa, dannawa kawai ake yi ya koma.

Bayan nan a ɗaga kujerar baya, a yawancin ƙananan motoci murfin famfo a nan yake, a sa mita ko ƙwan gwaji a soket lokacin da ake juya inji. Wuta tazo, wayar negatif tana da kyau, famfo shiru, yanzu ne ake da damar cewa ya mutu. Wuta bata zo ba, laifin yana baya, waya ce ko rile ko kwamfutar motar bata ba da umarni ba. Kwamfuta kuwa bayan wancan kukan na farko bata barin famfo da nozul suyi aiki in bata ga alamar sensar kirank ba, haka in makullin mai cip ne kuma bata gane shi ba zaka ga fitilar makulli tana ƙiftawa. Dukan ƙasan tanki da tafin hannu ana juya inji yana tayar da famfon da gawayinsa na ciki mai kai masa wuta ya cinye, amma na kaiwa gida ne kawai.

In yana kuka kuma bata tashi ba

Nan ne gejin matsin mai yake aiki, kuma abin takaici gareji kaɗan ne ke da shi, an fi dogara da toshe tiyo da babban yatsa. Matsi yayi ƙasa, a duba filta da rariya kafin famfo, a duba ɗan tiyon da ke cikin tanki don yana fashewa mai ya riƙa komawa inda ya fito, a duba regileta mai daidaita matsin mai. Matsi daidai ne, a koma kan nozul, a kara doguwar sukudireba a jikinsa a sa kunne, mai aiki yana tik tik tik. Yawancinsu in an auna da mita suna nuna om 12 zuwa 16. Na'urar sikana ma tana taimakawa a motocin Amurka daga 1996 da na Turai daga 2001, P0230 tana nuna layin wutar famfo, P0087 ƙarancin matsi, P0335 sensar kirank, sai dai lamba hanya take nunawa, ba ita ke cewa a sayi kaza ba.

Shi kansa man

A tsiyayi kaɗan a farar kwalba a ajiye minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa da layi a fili, kuma ƙasan tanki daga nan famfo ke ja, shi yasa ruwa kaɗan yake kashe mota. Da damina an fi ganinsa, ko a man jarka na 'yan bumburutu da bai samu ajiya mai kyau ba. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol ƙasar nan ya lalata motoci da dama. Tun cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kuma mutane da yawa da jar fitilar ƙarewar mai suke yawo, ba laifinsu bane tsada ce, amma man da famfo yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi, tanki a bushe kullum yana rage masa kwana.

Motar dizal tata daban ce, in mai ya ƙare mata iska ke shiga layi, sai an bi da famfon hannu an fitar da ita. Sabbin injinan dizal matsinsu yana wuce bar 1,500, ba a kwance bututunsu inji yana juyawa, feshin yana huda fata.

In an tabbatar famfo ne, sabo aka saya ko ɗan Beljiyam, a cire kan batir kafin a buɗe tanki, a yi aikin a fili nesa da mai walda da mai taba, a sa sabuwar rariya da filta, a leƙa ƙasan tankin a kwashe laka in akwai, sannan a tabbatar robar murfin ta zauna daidai kafin a mayar da kujera.