Akademisk Boldklub (AB), kulob ɗin ɗaliban jami'a na Danmak

Akademisk Boldklub, wanda kowa ya fi sani da AB, kulob ɗin ƙwallon ƙafa ne a Gladsaxe, arewacin birnin Kofanhagan na ƙasar Danmak. Kalar rigarsu kore da fari, filinsu kuma Gladsaxe Stadion. An kafa shi a 1889 bayan wasu ƙungiyoyin ɗalibai guda biyu sun haɗe, kuma da farko sai kana jami'a ko ka yi ta sannan za su ɗauke ka, sunan ma abin da yake nufi kenan, kulob ɗin 'yan boko.

Yanzu in ka ga AB a ƙananan rukunai ba za ka ce sun taɓa yin wani abu ba, alhali sau 9 suka ci gasar Danmak: 1919, 1921, 1937, 1943, 1945, 1947, 1951, 1952 da 1967.

Sun yi 'yan wasa na ban mamaki. Harald Bohr, wanda daga baya ya zama babban malamin lissafi, ɗan AB ne, yana cikin tawagar Danmak da ta samo lambar azurfa a gasar Olamfik ta 1908 a Landan, a gasar nan ce suka zura wa Faransa 17-1. Yayansa Niels Bohr kuwa, wanda ya ci kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1922, gola ya yi musu na ɗan lokaci, har ana ba da labarin wai ana tsaka da wasa hankalinsa ya tafi kan wani lissafi ƙwallo na tahowa bai ma lura ba. Sai Knud Lundberg da ya buga wa ƙasarsa wasanni uku daban-daban, ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu da na kwando.

To amma duk wannan ɗaukakar zamanin da ba a biyan 'yan wasa ne, don Danmak ba ta yarda da ƙwallon albashi ba sai 1978, da kuɗi suka shigo harkar kulob ɗin ɗalibai ya kasa gogawa da masu hannu da shuni. Tun 1962 dama sun haɗe da kulob ɗin Bagsværd suka tattara suka bar cikin birni zuwa Gladsaxe don neman fili da matasa.

Sun sake farfaɗowa a ƙarshen shekarun 1990. Sun hau babban rukuni na Superliga a 1996, suka ci kofin ƙasa a 1999 bayan doke AaB, kulob ɗin garin Aalborg, 2-1, suka kuma zo na uku a Superliga a 1999 da 2000. A wannan zamanin ne su René Henriksen da Peter Løvenkrands suka yi tashe, shi ma Mohamed Zidan ɗan Masar a nan ya fara ƙwallonsa na Turai. Matsalar dai duk wanda ya yi kyau sai a saye shi, Henriksen ya tafi Panathinaikos, Løvenkrands ya koma Rangers.

A 2004 suka faɗo daga Superliga, bashi ya yi musu katutu, a 2012 sai da ƙaramar hukumar Gladsaxe ta sa hannu kafin kulob ɗin ya tsira. A 2015 suka gangara rukuni na uku, suka hau a 2016, suka sake faɗowa a 2017. A ƙarshen 2022 wasu masu zuba jari daga Amurka da Birtaniya suka saye kulob ɗin da burin mayar da shi Superliga.