Fursunonin da Aka Kai Ostireliya Ba Duka Ne Masu Kisan Kai Ba

An daɗe ana cewa fursunonin da Birtaniya ta kwashe zuwa Ostireliya duk 'yan fashi ne da masu kisan kai. Ba laifin mai faɗa ba ne, domin duk wanda ya ji an kori mutum zuwa bangon duniya zai zaci laifinsa babba ne.

Takardun zamanin kuwa wani abu dabam suka nuna. Tsakanin 1788 da 1868 an kai kimanin mutum 162,000, kuma sata ce ta kai mafi yawansu: tufafi, tunkiya, agogo, kuɗin aljihu. Mai kisan kai galibi rataye shi ake yi a can Birtaniya. Hukuncin kora galibi shekara 7 ne, ko 14, ko rai-da-rai.

Kowa na iya dubawa, tunda an sa yawancin rajistar jiragen ruwan da suka kai fursunonin a intanet. Na ƙarshe-ƙarshen sun fi cika: suna, sana'a, laifi, garin da aka yi shari'a, har tsawo da tabon jiki. Sai dai wajen neman wani fursuna, suna kaɗai ba ya isa. Magatakarda yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, wasu fursunonin ma sunan ƙarya suka bayar, don haka a haɗa da sunan jirgi da shekarar isowa.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.