Hayaniya a Na'urar Gwama Sigina ta Analog

Na'urar gwama sigina ta analog da'irar lantarki ce da ke karɓar sigina biyu, ta ninka ɗaya da ɗaya, sannan ta tara sakamakon na tsawon wani lokaci. A nazarin samaniya, siginonin na fitowa ne daga eriyoyin da ke sauraren sama. Abin da siginonin suka yi tarayya a kai shi ke taruwa. Hayaniyar da kowanne ya kwaso shi kaɗai kuwa, tana hawa tana sauka har ta cinye kanta.

Asalin hayaniyar

Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo da daddare a unguwar Nima ta Akra ya san "shuu" ɗin nan da ke tsakanin tasha da tasha. Wani ɓangarensa daga cikin akwatin yake fitowa, domin zafi na girgiza elektron a cikin waya. John Johnson ne ya auna wannan, Harry Nyquist ya fayyace lissafinsa, an wallafa aikinsu a 1928.

Rage hayaniyar sai da haƙuri. Mai son ta dawo rabi sai ya ninka lokacin saurare sau 4, mai son kashi ɗaya cikin goma kuma sau 100. Faɗaɗa zangon mita, wato faɗin kewayon tashoshin da ake saurara lokaci guda, haka yake aiki, kuma nan ne analog ta daɗe tana da rinjaye.

Tarihi

Abin da ya fi ci wa magabata tuwo a ƙwarya shi ne gocewar na'urar kanta. Ɗaki ya ɗan ɗumama, ƙarfin amfilifaya (na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi) ya sauya, allura ta karkata kamar an kama wani abu alhali babu komai, kuma tsawaita saurare ba ya maganin wannan. A 1946 Robert Dicke ya fito da dabarar sauyawa da sauri tsakanin eriya da wani ma'auni sananne. A 1952 Martin Ryle, a Kambrij ta Ingila, ya wallafa wadda ta fi ta kyau ga eriya biyu: a riƙa kifar da siginar ɗaya akai-akai, a ɗauki abin da ya bi wannan kifarwar kaɗai. Dabara ce mai sauƙi da ta cancanci yabo.

Wajen farkon shekarun 1960 Sander Weinreb ya gina na'urar gwama sigina ta dijital a Amurka. Mai bit ɗaya, wato wadda ke lura kawai ko sigina na sama ko ƙasa da sifili, tana riƙe kusan kashi 64 cikin ɗari na ingancin analog, amma ba ta gocewa. Kan wacce ta fi a zango mai faɗi sosai, injiniyoyi sun sha bamban.

A Gana

Faifan Kuntunse mai faɗin mita 32, a arewacin Akra, tsohuwar eriyar sadarwa ce da aka ƙaddamar don nazarin samaniya a 2017. Idan ya yi aikin haɗin gwiwa da tashoshin Turai, ta hanyar dijital ake gwama bayanansa.