Balbriggan: Zaman 'Yan Afirka a Wani Garin Ayalan

Balbriggan gari ne a gaɓar tekun gabashin Jamhuriyar Ayalan, cikin ƙaramar hukumar Fingal, nisan kilomita 30 da 'yan kai arewa da Dublin. Yana cikin garuruwan ƙasar da 'yan asalin Afirka suka fi yawa idan aka auna da adadin mazauna. A ƙidayar 2016 mutanen garin sun kai 21,722, kuma kashi 11 cikin ɗari sun rubuta kansu baƙar fata, alhali a faɗin ƙasar baƙar fata ba su kai kashi 2 ba. 'Yan Najeriya ne suka fi yawa a cikinsu. Ƙidayar ta kuma nuna cewa babu babban garin da ya kai shi yawan ƙananan yara da matasa, domin matsakaicin shekarun mazaunansa bai kai 31 ba.

A da an san garin da kamun kifi da masaƙun safa, kuma har zuwa 1996 mutanensa ba su kai 9,000 ba. Babu wata masana'anta a cikinsa da ta aika neman ma'aikata daga Afirka. Dokokin ƙasar kan neman mafaka, da farashin gida, da layin dogo ne suka kai mutane can, daga baya kuma na farko suka jawo na baya.

Yadda aka fara zuwa Ayalan

Sanayya tsakanin Ayalan da Najeriya ta daɗe. Limaman Katolika 'yan Ayalan sun buɗe makarantu da asibitoci a kudu maso gabas, wasunsu kuma sun yi aiki a yankunan Kaduna da Jos, sannan ofishin jakadancin Ayalan na farko a Afirka a Legas aka buɗe shi a 1960. Amma kafin ƙarshen shekarun 1990, galibin 'yan Afirka da ke ƙasar ɗalibai ne da likitoci. A 1992 mutum 39 kacal suka nemi mafaka a Ayalan. A 2002 adadin ya haura 11,600, kuma 'yan Najeriya ne kan gaba.

Bunƙasar tattalin arziki ta taimaka, haka ma harshen Ingilishi, amma dokar zama ɗan ƙasa ta fi su tasiri. A wancan lokacin duk jaririn da aka haifa a tsibirin Ayalan ɗan ƙasa ne kai tsaye, kuma bayan hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar iyalan Fajujonu, hukuma ta saba ba iyayen irin waɗannan yara izinin zama. A Janairun 2003 kotun ta yanke cewa haihuwar ɗa ba ta hana a kori iyayensa, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Yuni 2004 kusan kashi 79 cikin ɗari suka amince a soke zama ɗan ƙasa ta haihuwa kaɗai. A 2005 gwamnati ta buɗe wani shiri na musamman ga iyayen yaran da aka riga aka haifa, inda kusan mutum 17,000 suka sami takardar zama. Wannan ne ya sa dubban iyalai masu ƙananan yara suka fito neman gidan haya kusan a lokaci guda.

Sansanin Mosney

A 2000 gwamnati ta kawo tsarin da ake kira Direct Provision. A wancan lokacin mai neman mafaka ba ya zaɓar inda zai zauna: ana tura shi masauki, a ba shi gado da abinci da ɗan kuɗin kashewa, Yuro 19.10 a mako ga babba, Yuro 9.60 ga yaro, kuma an hana shi aiki. Wannan haramcin ya ci gaba har sai da Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa wa tsarin mulki a 2017. Ɗaya daga cikin manyan masaukan shi ne Mosney a gundumar Meath, tsohon wurin shaƙatawa na kamfanin Butlin's, wanda ke ɗan arewa da Balbriggan, tsakaninsa da garin Drogheda.

An ce za a yi watanni ne a irin waɗannan wurare, amma iyalai da yawa sun kwashe shekaru. Kafin takardarsu ta fito, yara sun shiga makarantun yankin, iyaye sun san likita da coci da hanyar mota. Da aka ce su fita su nemi gida, kaɗan ne suka ga dalilin ƙaura zuwa can ƙuryar ƙasar. Shi ya sa Drogheda da Dundalk da Balbriggan, da ke jere a kan hanya ɗaya, duk suka sami jama'ar Afirka masu yawa.

Gida da hanya

Samun gida shi ne babban dalili, kodayake ba a cika ambatarsa ba. A farkon shekarun 2000 haya a tsakiyar Dublin ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, a daidai lokacin da magina ke mai da gonakin gefen Balbriggan rukunin sabbin gidaje. Daga mutum 10,000 da 'yan kai a 2002, garin ya haura 15,000 a 2006, ya kusa 20,000 a 2011. Da yawa daga cikin gidajen masu zuba jari ne suka saya don su ba da haya, kuma kuɗinsu ya shiga cikin iyakar tallafin haya da gwamnati ke biya wa marasa ƙarfi. Iyali mai yara uku ko huɗu, wanda a Dublin sai dai ya matsu a ɗaki da falo, a nan yana samun gida mai ɗakin kwana uku da ɗan fili a baya.

Garin yana kan layin dogo na Dublin zuwa Belfast, babbar hanyar M1 ta bi ta gefensa, filin jirgin saman Dublin kuma ba nisa. Mai aikin jinya, ko kula da tsofaffi, ko gadi, ko tuƙin tasi, yana iya kwana a Balbriggan ya yi aiki a birni. Dalilan nan dai su ne suka kawo 'yan Folan da Lituweniya da ma 'yan asalin Dublin da haya ta koro.

Bayan iyalan farko sun zauna, sauran ya zo da sauƙi. Cocin Fentikostal irin su Redeemed Christian Church of God sun buɗe rassa, sau da yawa a ɗakunan taro ko rumbunan ajiyar kaya da aka kama haya. Shagunan da ke sayar da garin rogo da manja da doya da busasshen kifi suka bayyana, haka ma shagunan kitso da aski. A wurin sabon zuwa, coci ko masallaci shi ne inda ake jin labarin gidan da babu kowa, da mai gidan da ba ya ƙin baƙi, da wurin da ake ɗaukar ma'aikata.

Rikicin makaranta na 2007

An gina gidaje ba a gina azuzuwan da za su ishi yaran cikinsu ba. A Satumban 2007 yara da dama a Balbriggan suka rasa gurbi a firamare, kuma kusan dukkansu 'ya'yan 'yan Afirka ne, akasarinsu haifaffun Ayalan. A lokacin kimanin kashi 90 cikin ɗari na makarantun firamaren ƙasar suna ƙarƙashin Cocin Katolika, kuma doka ta ba su damar fifita yaron da ke da shaidar baftismar Katolika idan gurbi ya yi ƙaranci. Iyayen da ke bin Fentikostal ko Musulunci, ga shi kuma ba su daɗe a garin ba, sai suka koma ƙarshen layi. An yi gaggawar buɗe makarantar Bracken ƙarƙashin ƙungiyar Educate Together, wadda ba ta bin ɗarika, kuma hoton aji cike da baƙaƙen yara kaɗai ya ta da muhawara har a jaridun ƙetare. Gwamnati ta ce matsalar tsari ce ba wariya ba. Akwai gaskiya a hakan, sai dai ƙarancin bai faɗa kan kowa daidai ba. Sai a 2018 aka yi dokar da ta hana makarantun firamaren Katolika amfani da baftisma wajen ɗaukar yara.

Daga 2008 zuwa yau

Durƙushewar tattalin arziki a 2008 ta tsayar da gine-gine, rashin aiki ya yi yawa, kuma garin ya daɗe da ƙarancin wuraren wasa da na matasa. Duk da haka yawancin iyalan ba su tashi ba. Daga 2011, lokacin da aka hanzarta duba takardun neman zama ɗan ƙasa aka kuma fara bikin rantsarwa, dubban 'yan Najeriya sun karɓi fasfon Ayalan. Saboda haka alƙaluman da ke ƙirga baƙi ta fasfo suna rage yawan 'yan asalin Afirka, ga shi kuma da yawa daga cikin 'ya'yansu 'yan ƙasa ne tun haihuwa.

A 'yan shekarun nan masu adawa da baƙi sun sha yaɗa bidiyon faɗan matasa a intanet suna kiran garin matattarar ɓata-gari, zargin da mazauna da dama, baƙi da 'yan gari, suka musanta. A 2019 ƙaramar hukumar Fingal ta ƙaddamar da shirin Our Balbriggan don gyara tsakiyar garin da tashar jiragen ruwansa. Ƙidayar 2022 ta sami mutum 24,322, amma haya ta yi tsada a nan ma, har sabbin zuwa da dama suna wucewa gaba zuwa Drogheda da Dundalk.