Gas ko fetur? Amsa ga masu hayar mota a ƙasar waje

Sana'ata yankan tikitin jirgi da kama wa matafiya masauki a nan Kaduna, ba kanikanci ba. Amma da zarar dogon hutun makaranta ya ƙarato, wayata ba ta hutawa: "Malam, za mu ɗauki hayar mota a can, mai gas, wato dizal, ta fi ko mai fetur?" Bakina ya gaji. Ga shi nan a rubuce, duk wanda ya sake kira sai in tura masa.

Wacce zan ɗauka?

Mai fetur. In tafiyarka mai nisa ce ƙwarai, karanta tambaya ta biyar.

Wai da gaske akwai ƙananan motoci masu shan gas?

Akwai. Mu nan gas na tirela ne da tifa da janareto, amma a Turai ƙaramar mota irin Golf ko Peugeot tana iya zama mai gas. Sun ragu tun bayan 2015, lokacin da aka kama Volkswagen da maguɗi a gwajin hayaƙi, amma ba su ƙare ba. A Amurka da Saudiyya da Dubai kuwa motar hayar da za a ba ka kusan kullum mai fetur ce. Mai zuwa Umara ya daina wahalar da kansa da wannan tambaya.

Ai gas gas ne a ko'ina, ko ba haka ba?

Ba haka ba ne, Alhaji, kuma nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Abin da muke kira gas a Kawo ko Mando, wato man dizal, ba shi ake nufi da gas a Amurka ba. Can in aka ce gas, fetur ake nufi. Ka bar kalmar nan a filin jirgin Abuja, in ka dawo ka ɗauki abarka.

A Faransa, da ma Yamai da Kwatano, fetur shi ne essence, dizal kuma gazole ko gasoil. A Italiya benzina da gasolio. A Turkiyya benzin da motorin. Sifaniya ce ta fi mugunta: fetur gasolina, dizal gasóleo, duka biyun da "gas" suka fara. Wanda ya karanta haruffa uku ya ɗauki tiyo, ya kuka da kansa.

Kuma a yawancin gidajen man Turai da Amurka babu yaron da zai zo ya ce "na nawa, yallaɓai?" Kai za ka zuba da hannunka.

Ba sai in duba launin tiyon ba?

A'a. A Ingila kore na fetur ne, baƙi na dizal. A Amurka sau da yawa koren shi ne dizal. Buɗe murfin tanki ka karanta abin da aka rubuta a ciki. A Turai tun 2018 akwai alama iri ɗaya a murfin da jikin famfo: da'ira mai E5 ko E10 fetur ce, murabba'i mai B7 dizal. Ka haɗa alama da alama, shi ke nan.

Ni da iyali za mu yi mako biyu muna yawo daga gari zuwa gari. Mai gas ba za ta fi min sauƙi ba?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma amsarta "ya danganta", ko da yake na san ba ku son jin haka.

Gaskiya ne injin dizal ya fi tattalin mai a kan doguwar hanya. Yana kuma da ƙarfin ja tun daga ƙasa, don haka in mota ta cika da Hajiya da yara da akwatuna, kana hawa tsaunukan Suwizalan, ba za ta riƙa nishi ba. Mu ɗauki misali kawai: mai fetur tana shan lita 7 a kilomita 100, takwararta mai dizal lita 5 da rabi. A kilomita 1,000 bambancin lita 15 ne. Kuɗi ne, musamman in ka mayar da shi naira, amma ba irin kuɗin da kake zato ba, kuma abubuwa da dama suna iya cinye shi.

Na farko farashin lita. A Jamus harajin dizal bai kai na fetur ba, don haka sau da yawa ya fi araha a famfo. A Ingila kuwa dizal ne ya saba fin tsada. Farashin yana motsi, ka duba na makon da za ka tafi, kar ka dogara da labarin wanda ya je bara. Na biyu kuɗin hayar kanta. In kamfani ya ɗora maka ƙari a kowace rana saboda ka nace sai mai dizal, ninka ƙarin nan sau 14 ka gani ko lita 15 ɗinka ta tsira. Yawanci ba ta tsira.

Na uku, wane irin yawo ne? Mutane suna ce min "doguwar tafiya", in na bincika sai in tarar daga otal ne zuwa kanti, daga kanti zuwa gidan ƙanin matarsu. Wannan zirga-zirgar Barnawa zuwa Kasuwar Barci ce, ba Kaduna zuwa Maiduguri ba. A irin wannan motar dizal ba ta da wata riba. Hasali ma akwai matatar toka a salansarta da ke son a yi gudu mai tsawo kafin ta ƙone dattin da ta tara, gajerun tafiye-tafiye toshe ta suke yi. A hayar mako biyu da wuya abin ya kai ka ga matsala, amma in fitila ta kama a gabanka cikin garin da ba ka jin yarensu, hankalinka ne zai tashi. Don cikin gari, in akwai mai haɗa fetur da batir, irin Corolla ko Yaris na yanzu, ita zan ɗauka.

Na huɗu kuma, wanda ya sa duk lissafin nan yake iya zama aikin banza: ba mota kake kamawa a intanet ba, aji kake kamawa. A ƙasan hoton an rubuta "ko makamanciyarta". Kana iya biyan kuɗi da niyyar mai dizal, ka isa a miƙo maka makullin mai fetur, kuma ba su saɓa yarjejeniya ba, sai fa in takardarka ta ambaci irin man ƙarara.

Nawa ra'ayin: in za ka haura kilomita dubu ɗaya da ɗari biyar a manyan hanyoyi, da babbar mota cike da mutane, kuma ba a ƙara maka kuɗin haya ba, ɗauki mai dizal. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, ban ga abin wahalar da kai ba.

Na zuba fetur a mai dizal. Yaya zan yi?

Kada ka tayar da ita. Kada ma ka murɗa makulli ko ka danna maɓalli "don ka gani". Kira lambar kamfanin da ke jikin takardar haya, su turo janwe ko mai zuƙe tanki.

Kwantar da hankalinka, ba kai ne farau ba. Bakin tiyon fetur siriri ne, yana shiga tankin dizal salin-alin, shi kuwa na dizal kaurinsa ba ya barinsa shiga na fetur, shi ya sa kuskuren ya fi zuwa ta wannan fuska. Dizal yana da maiƙon da famfon injin yake rayuwa da shi, fetur kuma wanke maiƙon yake yi. In ba ka kunna ba, kuɗin zuƙe tanki ne kawai. In ka kunna ka ja, ka shiga sayen famfo da nozul da kuɗin Turai. Kuma yawancin inshorar haya ba ta biyan wannan, daga katinka za a cira. Can babu Panteka, babu bakaniken da zai ce "kawo dubu goma mu lallaɓa ta".

Na ga ƙaramin murfi shuɗi kusa da na tanki.

Na AdBlue ne, ruwan rage gubar hayaƙi. Kada ka zuba mai a ciki, kada ka zuba shi a tankin mai. In motar ta nuna ya kusa ƙarewa, kira kamfani, don in ya ƙare ƙaf aka kashe ta ba za ta sake tashi ba.

An ce ana cin tarar masu dizal a Landan.

Tsofaffi. Tun Agustan 2023 dokar hayaƙi ta game duk unguwannin Landan, motar da ba ta cika sharaɗi ba tana biyan fam 12.50 a rana. Sharaɗin dizal ya fi tsauri, amma motocin haya sababbi ne, da wuya ya shafe ka. Kuɗin shiga tsakiyar birni daban ne, wannan kuwa bai damu da irin manka ba. Maimakon wannan, ka damu da cewa a Ingila hannun hagu ake bi, kuma ka tabbata otomatik ka kama in rabonka da taka kuloci tun zamanin 504.

Sun ce in biya kuɗin ful tanki tun farko, in dawo da ita ko babu mai.

Ƙi. Karɓe ta cike, mayar da ita cike, ajiye rasit ɗin gidan man ƙarshe, ɗauki hoton allurar mai.

In sayi jarka in ajiye mai a but saboda ko-ta-kwana?

Haba, Alhaji. Babu layin mai, babu 'yan bumburutu, gidajen man manyan hanyoyi ba sa rufewa da dare. Bar wa Hajiya wurin ta sa tsaraba.