Shirun Ma'aikata Ba Shaidar Lafiya Ba Ne

An daɗe ana ɗauka cewa ma'aikatar da ba a kai ƙarar cin zarafi, lafiya lau take. Har ka ji shugaba na bugun ƙirji, wai shekara biyar bai ga takardar koke ko ɗaya ba. Ni kam nan ne gabana ke faɗuwa.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da irin wannan a shekarun 1990, tana binciken kurakuran ba da magani a asibitoci. Rukunonin ma'aikatan da suka fi samun shugabanci nagari su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Ba wai sun fi kowa tafka kuskure ba, sun fi samun bakin faɗa ne kawai.

Haka koke yake. Matar da shugabanta ke turo wa saƙon banza da tsakar dare sai ta yi lissafi kafin ta buɗe baki. Wa zai karɓi takardar, abokin shan shayinsa? Ta tuna wadda ta yi magana bara, aka ɗauke ta daga teburinta aka bar shi daram. Sai ta kife wayar, da safe ta gaishe shi da fara'a.