Hular kwano biyu doka ta ce, ba ɗaya ba

Wanda ya tsaya a bakin babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, da hantsi zai daɗe yana ƙirga masu moto, wato masu haya da babur, kafin ya ga fasinja ɗaya da hular kwano a ka. Shi kansa mai moton, in yana da ita, sau da yawa tana rataye a kan babur, sai ya hango jandarma ya kifa ta. Da yawanmu mun ɗauka hular nan sha'anin mai tuƙi ne shi kaɗai. Ba haka dokar take ba.

Dokar hawa biyu ce. Na farko shi ne kundin dokokin hanya na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, wanda aka amince da shi a 2001, yake kuma aiki a Kamaru da Cadi da sauran ƙasashe huɗu na ƙungiyar. Shi ya wajabta hular kwano a kan mai hawa babur, na haya ne ko na gida. Na biyu namu ne na Kamaru: dokar da Firaminista na lokacin, Ephraim Inoni, ya sa wa hannu ranar 31 ga Disamba 2008 a kan sana'ar haya da babur, aka yi mata gyara a watan Yuli na 2013. Ta ce mai haya ya kai shekara 18, ya mallaki lasisin tuƙi na rukunin A, babur ya zama yana da inshora, shi kuma ya sa rigar shaida. Fasinja ɗaya ake ɗauka. Sai abin da ya kawo mu: hula biyu, ɗaya ta mai tuƙi, ɗaya ta wanda ya goya, kuma ta biyun tana cikin kayan da dole babur ɗin haya ya kasance da su. Ashe in ka tare moto daga unguwar Yelwa zuwa Rumde Ajiya ka ce "Malam, ina hulata?" ba rigima ka nema ba, hakkinka ka tambaya. Wanda aka kama ba ta kuwa, tara ce, wani lokaci har a wuce da babur ɗin.

To me ya sa hukuma ta matsa a kan kai, ba ta ce a ɗaure gwiwa ko gwiwar hannu ba? Amsar tana cikin yadda Allah ya gina kan.

Fatar kai hawa biyar ce a jere, daga wadda gashi ke tsirowa a kanta zuwa siririn tantanin da ya manne wa ƙashi. Hawa na biyu cike yake da jijiyoyin jini, kuma naman wurin yana riƙe da bakinsu, in sun yanke ba sa tsukewa da wuri. Shi ya sa ɗan tsagu kamar na aska zai wanke wa mutum fuska da riga, jama'a su taru ana salati. Irin wannan yakan fi ban tsoro fiye da haɗari: a danne da tsumma mai tsabta, a kai shi a ɗinke.

Ƙarƙashinta ne ƙoƙon kai yake. Ƙasusuwa 22 ne, 14 na fuska, 8 kuma su suka haɗu suka yi mazubin ƙwaƙwalwa. Bahaushe bai yi kuskure ba da ya kira shi ƙoƙo, don ba ko'ina kaurinsa yake ɗaya ba. Ƙeya da goshi suna da ƙwari. Amma a gefe, tsakanin wutsiyar ido da saman kunne, inda ƙasusuwa huɗu suka haɗu, ƙashin siriri ne ƙwarai, kuma daidai bayansa wata jijiyar jini take bi. Wanda ya faɗo daga babur kuwa sau da yawa ta gefe yake sauka.

A nan ne maganar take. Ƙoƙon kan babba rufaffe ne, ba ya miƙewa, ba ya buɗewa. A ciki akwai ƙwaƙwalwa mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, tantani uku sun lulluɓe ta, tana kwance cikin wani ruwa garai-garai. Babbar ƙofa ɗaya ce, a ƙasa, inda laka ta fita ta gangara cikin ƙashin baya. In hannu ya bugu ya kumbura, yana da wurin kumbura. In jijiyar nan ta gefen kai ta tsinke, jinin ba shi da inda za shi, sai ya taru tsakanin ƙashi da tantani yana matse ƙwaƙwalwa, yana tura ta ƙasa wajen da ke riƙe da numfashi. Abin da ya fi muni, wani lokaci mutum yakan suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya kaɗe rigarsa, ya ce lafiyarsa lau, har ya yi musu da mai moto a kan kuɗin haya. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai, sai amai, sai barci mai nauyi. Mutanen gida su ce a bar shi ya huta. Wani daga wannan barcin ba ya tashi, sai a ce aljanu ne ko jifa, alhali jini ne a cikin ƙoƙo.

Ko ƙashi bai fashe ba, ba a tsira ba. Kai ya tsaya cak a kan kwalta, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta tsaya ba, sai ta daki bangon ciki ta dawo ta daki ɗaya bangon. Aikin hular kwano ke nan: ɓawon waje ya baza bugun, farin soso mai taurin da ke ciki ya lotse ya shanye shi, kai ya tsaya a hankali. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna hula mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, na mummunan raunin kai da kusan kashi 70.

"In an sa ta daidai" ɗin nan ba ado ba ne. Hular da ba a ɗaure maɗaurinta a haɓa ba, ita ke fara tashi kafin mai ita ya kai ƙasa. Hular magina ba ta rufe gefen kunne, ba ta da soson. Rawani da ɗankwali da zanna bukar rana kawai suke tarewa. Maƙwabtanmu na Nijeriya, da aka tilasta hula a farkon 2009, wasu ƙwarya suka kifa don su wuce jami'an hanya. An sha dariya, amma ɗora ƙoƙo a kan ƙoƙo bai taɓa hana fashewa ba. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ma ta gama aikinta, ko da ba a ga tsagu ba, don soson da ya lotse ba ya dawowa.

Ban ce masu ƙorafi ba su da hujja ba. Wanda ya san zafin Garwa ko Marwa a watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ya san abin da kifa kwano a ka yake nufi. Mata suna ƙyamar hular da kawuna hamsin suka yi gumi a ciki, kuma da gaskiyarsu. Ɗan siririn ƙyalle ko hular saƙa a ƙarƙashi yana rage wannan. Ga tsada. A Njamena, da aka ce daga farkon Maris na 2015 kowa ya sa hula, kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo, ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka yi asarar rai, aka rufe makarantu. A ganina laifin can na hukuma ne, da ta saki doka ba ta kula da kasuwa ba. Wannan bai ƙara wa ƙashin gefen kai kauri ko na ƙwayar gero ba.

Sai yara, waɗanda muke jerawa uku-uku a kan tanki za a kai su makaranta, ko jariri a goye a bayan uwa. Ƙashin kan yaro bai kai na babba ƙwari ba, maɗigar jariri ma ba ta rufewa sai ya kusa shekara biyu. Sharaɗin fasinja ɗaya ya shafe su kamar kowa.

In kuwa an riga an faɗi, kada a fizge hular daga kan wanda ke kwance, don wuya ma kan karye tare. Wanda ya suma ko na minti ɗaya ne, ko yake ta amai, ko ya rikice bai san inda yake ba, ko aka ga jini ko farin ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko baƙin idonsa ɗaya ya fi ɗaya faɗi, asibiti za a nufa da shi nan take, a gaya wa likita ƙarfe nawa ya faɗi da kuma ta wane gefe.